Makin kimiyya ya yi rauni: postbac, SMP, ko neman gurbin likitanci a Amurka haka nan?

A Amurka ba a shiga makarantar likitanci kai tsaye daga sakandare. Sai mutum ya kammala digirin farko na shekara huɗu, a duk fannin da ya ga dama, tarihi ne ko injiniyanci, muddin ya haɗa da kwasa-kwasan da aka gindaya: bayoloji shekara guda, kemistiri shekara guda, oganik kemistiri shekara guda, fiziks shekara guda, kowanne da aikin ɗakin gwaje-gwaje, ga kuma bayokemistiri da makarantu da yawa suka ƙara daga baya. Wannan tsari ne ya sa C ɗin da yaro ya kwaso a kemistiri yana ɗan shekara 18, lokacin bai gama gane yadda ake karatun jami'a ba, take bin sa har ranar da zai miƙa takardar neman gurbi yana ɗan shekara 22 ko 25.

Wanda ya tsinci kansa da makin kimiyya mai rauni, hanya uku ce a gabansa. Ko ya nema haka nan da abin da ke hannunsa, ko ya koma ya ƙaro kwasa-kwasan matakin digirin farko, abin da suke kira postbac, ko ya shiga wani digiri na biyu na musamman da ake kira SMP. Ana yawan ambaton biyun ƙarshe tare kamar Hassan da Hussaini, alhali aikinsu ya sha bamban. Wanda ya ɗauki ɗaya a inda ɗayan ya dace zai iya asarar shekara da dubban daloli, wani lokaci har da damar gaba ɗaya. Abin da na fi jin tsoron wa ɗalibi shi ne ya yi tsalle ya faɗa SMP tun bai shirya ba, kuma zan faɗi dalili. Amma kafin nan sai an fahimci yadda ake auna makin, domin da yawa suna yanke shawara a kan lambar da ba ita kwamitin ɗaukar ɗalibai ke gani ba.

Makarantun da ke ba da digirin MD, wato digirin likitancin da aka fi sani, in ka cire yawancin na jihar Texas, suna karɓar takardu ta hanyar AMCAS, tsarin da ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka, AAMC, ke gudanarwa. AMCAS ba ya ɗaukar GPA ɗin da jami'arka ta buga maka, wato matsakaicin makinka. Sabon lissafi yake yi. Zai ware kwasa-kwasanka gida biyu: bayoloji, kemistiri, fiziks da lissafi a gida ɗaya, shi ne BCPM, wato makin kimiyyar da ake ta magana a kai, sauran duka kuma a ɗaya gidan. Abin da kwas ya ƙunsa ake dubawa, ba sunan sashen da ya koyar da shi ba, saboda haka kwas ɗin ƙididdiga da ka yi a sashen nazarin halayyar ɗan'adam zai iya shiga lissafi. A da A+ duka 4.0 ne, A- 3.7, B+ 3.3, B 3.0, C 2.0, F kuma sifili. Kwas ɗin da ka janye daga gare shi aka sa maka W ba ya shiga lissafi, haka wanda aka yi a kan ci ko faɗuwa kawai, ko da yake ana ganinsu a takarda.

Inda abin ke yi wa mutane ciwo shi ne maimaici. Jami'o'i da yawa, idan ka faɗi kwas ka sake, suna goge tsohon maki su sa sabo. AMCAS ba ruwansa da wannan rangwame. F ɗin farko da A ɗin biyu duka zai lissafa. Kwas ɗin kwaleji da ka ɗauka tun kana sakandare ma yana ciki. Shi ya sa ɗalibi zai riƙe takarda mai 3.5, AMCAS ya dawo masa da 3.2, hankalinsa ya tashi.

Makarantun da ke ba da DO, ɗaya digirin likitancin na Amurka, suna da nasu tsarin, AACOMAS, wanda ba ya sa lissafi cikin makin kimiyya. Wanda kalkulas ya ja shi ƙasa zai ga makinsa ya ɗan ɗaga a can. A da AACOMAS yana maye tsohon maki da sabo, kuma wannan ce ƙofar da mutane da yawa suka bi suka gyara tarihinsu, amma an rufe ta a 2017. Duk wanda ya ba ka shawarar ka maimaita kwasa-kwasai domin DO za ta goge na baya, tsohon labari yake ba ka. Texas kuma tana da TMDSAS, wanda ba ya kula da alamar ƙari ko ragi: A- ta zama 4.0, B+ ta koma 3.0. Mutum ɗaya ke nan da makin kimiyya iri uku. Ka zauna da takardun sakamakonka na duk kwalejin da ka taɓa shiga, ka fitar da ukun da hannunka.

To, ina ma'aunin yake? A shekarun baya-bayan nan mutum sama da 50,000 ke neman gurbin MD kowace shekara, wajen 23,000 ke shiga, wato biyu cikin biyar ko ɗan sama da haka. Matsakaicin makin kimiyyar waɗanda suka shiga yana wajen 3.7, MCAT ɗinsu kuma tsakanin 511 da 512, a jarrabawar neman shiga makarantar likitanci da ke farawa daga 472 ta tsaya a 528. A ɓangaren DO, makin kimiyya yana wajen 3.5, MCAT kuma 504 ko kusa da haka. Kada waɗannan lambobi su karya maka gwiwa fiye da kima. Matsakaici na nufin akwai jama'a da yawa a ƙasansa da suka shiga. Sannan teburin da AAMC ke fitarwa, mai haɗa GPA da MCAT, yana nuna cewa ko a rukunin ƙoli, masu 3.8 zuwa sama da MCAT 518 zuwa sama, akwai kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida da ba ya samun gurbi ko'ina. Maki yana sa a buɗe takardarka a karanta, sauran aikin kuma na abin da ke cikinta ne: zaman da ka yi da marasa lafiya, aikin sa-kai, wasiƙun shaida daga malamai, da yadda ka yi a ganawa.

Akwai wani abu a takardar AMCAS da ɗalibai kan manta, kuma shi ne ginshiƙin duk wannan zaɓi. Ba lamba ɗaya ake nuna wa kwamiti ba. Ana jera makin shekara-shekara: ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu, sai layin postbac, sai jimillar digirin farko, sai layin digiri na biyu shi kaɗai a gefe. Ɗalibin da ya tashi daga 2.7 zuwa 3.1 zuwa 3.7 zuwa 3.9 da wanda ya sauko daga 3.9 zuwa 2.7 za su iya samun jimilla ɗaya, amma babu mai karanta su iri ɗaya. Na farko ya nuna ya gano bakin zaren a daidai lokacin da karatu ya ƙara nauyi. Na biyu ya nuna nauyin ne ya kayar da shi, ga shi makarantar likitanci ta fi inda ya faɗi nauyi nesa ba kusa ba.

Mu fara da neman gurbi haka nan, domin wasu ba sa bukatar gyaran komai, tsoro ne kawai ya kama su. Idan makin kimiyyarka yana wajen 3.4 zuwa 3.5, shekaru biyun ƙarshe sun yi kyau, babu kwas ɗin sharaɗin da ka ci ƙasa da C, kuma MCAT ta kai 511 ko ta wuce, ƙarin shekarar karatu ba lallai ta saya maka abin da ya kai kuɗinta ba. Abin da ya fi maka amfani shi ne zaɓen makarantu da ido buɗe. Kundin MSAR na AAMC yana nuna zangon makin waɗanda kowace makaranta ta ɗauka, daga na ƙasa-ƙasa zuwa na sama-sama. Makarantar da makinka bai kai na kashi 10 na ƙasanta ba, kuɗinka kawai za ka ba ta. Makarantun gwamnatin jiharka su ne kan gaba, tunda suna fifita 'yan jiha, a Texas ma doka ce ta ware wa mazauna jihar kashi 90 na guraben makarantun gwamnati. Ka kuma miƙa da wuri. AMCAS yana fara karɓa a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, yawancin makarantu kuma suna cike gurabe ne a hankali tun daga kaka, saboda haka mai raunin maki da ya miƙa a Satumba ya haɗa wa kansa rauni biyu.

Wannan hanya tana ƙara faɗi sosai idan ka yarda ka haɗa da DO. Likitan DO cikakken likita ne a duk jihohin Amurka 50, yana rubuta magani, yana tiyata, kuma tun 2020 tsarin horon ƙwarewa ɗaya suke shiga da masu MD. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban likitanci a ƙasar a makarantun DO suke. Gaskiya ne ƙofar wasu fannoni masu tsananin gasa, irin su cututtukan fata da tiyatar ƙwaƙwalwa, ta fi musu ƙunci, kuma suna rubuta jarrabawar lasisi ta COMLEX, da yawansu su ƙara da USMLE ta masu MD. Wanda ke da niyyar aiki a wata ƙasa daga baya ya fara bincikar matsayin DO a wurin hukumar likitocin ƙasar, domin ba ko'ina ake ɗaukarsa daidai da MD ba. Amma wanda burinsa ya zama likitan iyali, na yara ko na cututtukan ciki a Amurka, ban ga hikimar ya ƙona shekara biyu da tarin bashi don harafi biyu su canza a bayan sunansa ba.

Haɗarin nema haka nan shi ne a ƙi ka. Ba kuɗin takardu da na tafiye-tafiye kaɗai ke tafiya ba. Shekara mai zuwa za ka dawo a matsayin mai sake nema a makarantun da suka riga suka ga takardarka, kuma tambayar farko ita ce me ya canza. Masu cewa "bari in gwada sa'a" da 3.0 suna kuma jingina da MCAT, wai babban maki zai rufe komai. Yana taimakawa ƙwarai, domin yana nuna ilimin yana nan. Sai dai MCAT aikin yini ɗaya ne na awa bakwai da rabi, GPA kuma aikin shekara huɗu ne. Mai 3.0 da 518 yana sa kwamiti ya ce yaron yana da kai, amma zai jure karatun kullum? Wannan tambaya sabon maki a aji ne kaɗai ke amsa ta.

Nan postbac ke shigowa. Iri biyu ne, kuma a nan ma ana ruɗewa. Akwai na masu sauya layi, wato wanda ya karanta adabi ko tattalin arziki bai taɓa yin kwasa-kwasan sharaɗi ba. Shirye-shiryen Bryn Mawr da Goucher, da na Columbia wanda ya faro tun 1955, na irin waɗannan mutane ne, kuma galibi ba sa ɗaukar wanda ya riga ya yi sharuɗɗan ya samu rauni. Iri na biyu shi ne na masu gyaran maki. Wannan za ka iya shiga tsararren shiri, ko ka haɗa naka da kanka: ka yi rajista a jami'ar gwamnati mafi kusa a matsayin ɗalibin da ba digiri yake nema ba, ka ɗebi manyan kwasa-kwasan kimiyya irin su fiziyoloji, ilimin ƙwayoyin halittar gado, ilimin ƙwayoyin cuta, ilimin garkuwar jiki da bayokemistiri.

Babbar fa'idarsa ita ce duk kiredit ɗin da ka ci yana shiga jimillar digirin farko. Shi kaɗai ne cikin hanyoyin uku ke motsa lambar nan. Amma yadda yake motsa ta ya dogara da yawan kayan da ka riga ka ɗora, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗauki biro. A ce kana da kiredit 60 na kimiyya a kan 3.1. Ka ƙara kiredit 30, aikin shekara guda cur, ka ci A a duka: ka koma 3.40. Ka ƙara wata shekarar haka: 3.55. Wanda ya karanta bayoloji ya tara kiredit 90 a kan 2.9, shekara guda ta A zalla za ta kai shi 3.18 ne kawai, shekara biyu 3.34. Wanda kuwa kiredit 24 kaɗai ya yi a kan 2.9, shekara guda za ta ɗaga shi zuwa 3.51. Ƙoƙari iri ɗaya, sakamako daban-daban, kuma wannan lissafin da A zalla aka yi shi, abin da ba kowa ke samu ba. Mai ƙaramin kaya postbac zai gyara masa lambar kanta. Mai babban kaya sai ya yi shekaru masu yawa yana cin A zalla kafin ya kai 3.7, saboda haka abin da yake nema shi ne ya haye 3.0, ya matsa kusa da 3.3, ya kuma kafa sabon layi mai tsabta wanda kwamiti zai kalla ya ce wannan ba mutumin da ba ne. Akwai makarantun da suka fito fili suka ce suna ba kiredit na baya-bayan nan nauyi na musamman, kuma ya kamata mai irin wannan tarihi ya neme su da suna a shafukansu.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce a maimaita tsohon kwas ko a ɗauki sabo. Tunda ba a goge komai, A a kwas ɗin da ka maimaita da A a sabon kwas mai kiredit iri ɗaya tasirinsu ɗaya ne a lissafi. A idon kwamiti kuwa ba ɗaya ba ne: cin A a abin da ka taɓa zama ka saurara ba abin mamaki ba ne, kuma in ka ci B a karo na biyu ka ƙara wa kanka tabo. Saboda haka ka maimaita sharaɗin da ka ci C- ko ƙasa, domin makarantu da yawa ba sa karɓar ƙasa da C. Ka maimaita wanda ka san tushen ne babu, ko da C ka ci, tunda ba a gina bayokemistiri a kan oganik ɗin da ba a gane ba. Sauran ka bar su, ka hau sama.

Wajen kuɗi, postbac ɗin da mutum ya haɗa da kansa ya fi sauƙi nesa, musamman ga mai biyan kuɗin ɗan jiha, kuma ana iya haɗa shi da aiki a asibiti, wanda shi ma riba ce a takarda. Ƙananan kwalejoji na shekara biyu sun fi arha, makarantu da yawa suna karɓar kwasa-kwasansu, amma ga wanda ya yi rauni a jami'a sannan ya koma can ya ci A, wasu za su ce sauƙi ya bi. In hali ya yi, manyan kwasa-kwasan a yi su a jami'a mai shekara huɗu. Raunin wannan hanya kuma a bayyane yake. Ɗalibin da ba digiri yake nema ba shi ake bari a ƙarshe wajen rajista, kwas ya cika kafin ya shiga. Tallafin karatu kaɗan ne. Babu mai ba shi shawara sai ya nema, babu wata makarantar likitanci da ta yi masa alkawarin komai. Sannan kwas ɗaya a zango ba ya gamsar da kowa. Ko da aiki kake yi, ka yi ƙoƙari a samu zango biyu da ka ɗauki kaya mai nauyi ka sauke lafiya, domin abin da ake son gani ke nan.

SMP wani abu ne daban. Digiri na biyu ne na shekara ɗaya, wani lokaci biyu, wanda aka gina domin ya kwaikwayi shekarar farko ta makarantar likitanci. Na Jami'ar Georgetown, wanda aka fara a 1975, shi ne ya fi daɗewa, akwai kuma sanannu a Jami'ar Boston, Tufts, Drexel da Cincinnati. A mafi ƙarfinsu, ɗalibi yana ɗaukar wasu kwasa-kwasai iri ɗaya da na ɗaliban likitanci, ya rubuta jarrabawa irin tasu, a auna shi da matsakaicinsu. Babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi. Kwamiti yana tambaya ko za ka iya karatun likita, kai kuma ka ajiye masa takardar da ke cewa ka riga ka yi wani yanki nasa, ka kuma yi fice. Wasu shirye-shiryen suna da yarjejeniya da makarantar likitancin jami'arsu, a ba da tabbacin ganawa ga wanda ya kai wani maki, kaɗan daga ciki ma har da gurbi bisa sharaɗi.

Ga inda gizo ke saƙar. Makin SMP yana zama a layin digiri na biyu, ba ya taɓa jimillar digirin farko ko da ɗigo. Mai 2.8 da ya ci 3.9 a SMP har yanzu mai 2.8 ne a wurin makarantar da ke tace takardu da ƙa'idar 3.0 kafin ɗan'adam ya duba su. Shirye-shiryen kansu ma yawanci suna neman wajen 3.0 da sakamakon MCAT kafin su ɗauke ka. Sai kuɗi: a jami'o'i masu zaman kansu kuɗin makaranta kaɗai kan kai dala 50,000 ko fiye, ban da haya da abinci, kuma karatun ba ya barin sararin yin aiki. Wannan bashi zai hau kan na makarantar likitanci, inda matsakaicin abin da ake fita da shi ya kai wajen dala 200,000. Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 kuma ta tanadi rufe rancen Grad PLUS, wanda gwamnati ke ba ɗaliban digiri na biyu zuwa sama, ga sababbin masu karɓa daga 1 ga Yulin 2026, abin da ke nufin rancen gwamnatin tarayya ba zai rufe kuɗin irin wannan shiri ba, sai an haɗa da na banki.

Duk wannan da sauƙi a kan haɗari na ƙarshe. Hujjar da ke da ƙarfi wajen ɗaga ka tana da ƙarfi iri ɗaya wajen kayar da kai. Masu ba ɗalibai shawara kan ce a nemi 3.7 ko kusa da haka a SMP. Wanda ya fita da 3.2 ya ba kwamiti amsar tambayarsu da hannunsa, kuma babu wani mataki a sama da zai je ya wanke wannan. B biyu a postbac tuntuɓe ne, ana ƙara zango a gyara. A SMP babu wannan sarari. Digirin kansa kuma ba shi da kasuwa sosai a wajen wannan manufa. Shi ya sa nake cewa wanda bai taɓa haɗa zango biyu a jere yana cin A a manyan kwasa-kwasan kimiyya ba, bai kamata ya sa ƙafa a SMP ba tukuna. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ya je postbac ya gano abin da ke kayar da shi a inda kuskure ke da arha.

Wa SMP ya dace da shi ke nan? Ɗalibin da ya tara kiredit masu yawa har lambar ta daina motsi, yana tsakanin 3.0 da 3.4, shekarunsa na ƙarshe sun yi kyau, MCAT ɗinsa ta kai ta masu shiga, kuma sauran takardarsa a cike take. Irin wannan ya riga ya ci duk manyan kwasa-kwasan da postbac zai ba shi, abin da ya rage masa hujja ce mai nauyi, kuma SMP zai ba shi. Kafin ya biya, ya tambayi shirin da baki: cikin waɗanda suka fara, ba waɗanda suka gama ba, nawa suka shiga makarantar likitanci, MD nawa DO nawa, a Amurka ko a waje, cikin shekara nawa? Tare da ɗaliban likitanci ake jarrabawa ko dabam? Yarjejeniyar ganawar a rubuce take, kuma mutum nawa suka cika sharaɗinta bara? Shirin da ya yi ta kewaye-kewaye a kan waɗannan, a bar shi. A kuma lura cewa digiri na biyu na yau da kullum, kamar na lafiyar al'umma, yana da amfaninsa amma ba ya wannan aiki, domin ba ya gwada mutum a kimiyya mai tsauri.

Wanda ke ƙasa da 3.0 kuwa, a ganina zaɓinsa ɗaya ne a farko: postbac har ya haye, sannan a duba ko DO kai tsaye, ko SMP a ɗora. Hanya ce ta shekara biyu zuwa uku, kuma na san yadda wannan ke da ɗaci ga wanda abokan karatunsa suka riga suka sa farar riga. A daidai wannan gaɓa ne makarantun tsibiran Karibiyan ke zuwa da saƙonsu mai daɗi, cewa za su ɗauke ka yanzu. Sun fitar da likitoci da yawa, wannan gaskiya ne. Amma ɗaliban da ke zubewa a hanya suna da yawa, kuɗin ya kai ko ya fi na Amurka, kuma wajen samun gurbin horon ƙwarewa, inda ɗaliban MD da DO na cikin gida ke haura kashi 90, Amurkawan da suka yi karatu a waje suna tsayawa ne wajen kashi 60 da wani abu. Mutumin da bai gyara yadda yake karatu ba, ya tafi inda ake sallamar mai rauni da bashi a wuyansa, ya ɗauki kasada mafi girma cikin duka.

Duk hanyar da aka bi, akwai tambayar da ba a tsallake ta: me ya jawo raunin? Ruwa ba ya tsami banza. Wani awa 30 yake aiki a mako don ya biya haya. Wani rashin lafiya ce, ko rasuwa a gida, ko damuwar da bai gaya wa kowa ba. Wani kuwa da haddar sakandare ya zo, yana maimaita karanta littafi maimakon warware tambayoyi, oganik ta tona masa asiri. In dalilin yana nan bai gushe ba, sabon shiri zai haifi tsohon sakamako, a kan kuɗi mafi yawa. In ya gushe, akwai wuri a takardar AMCAS da kuma tambayoyin da makarantu ke aikowa daga baya inda za ka yi bayani, a taƙaice, ba tare da ɗora wa malami laifi ba, ka nuna abin da ka canza, makin baya-bayan nan ya zama shaidarka. Kada kuma ka haɗa shirin MCAT da zangon da kake gyaran maki. Sau uku kawai ake yarda a rubuta ta a shekara, sau bakwai a rayuwa, makarantu suna ganin kowane zama, kuma yawancinsu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu zuwa uku. Wanda ke gaban gyaran shekara biyu ya jinkirta ta zuwa ƙarshe, lokacin bayokemistiri da fiziyoloji suna sabo a kansa.

Duk abin da na faɗa ya fi shafar ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Ga wanda ke kan bizar ɗalibi, ma'aunin ya fi tsauri. Makarantun MD da ke karɓar 'yan waje 'yan tsiraru ne, yawancinsu masu zaman kansu kuma masu tsananin gasa, babu rancen gwamnatin tarayya, wasu kuma suna neman a nuna ko a ajiye kuɗin shekara ɗaya har zuwa huɗu tun kafin a fara. AMCAS ba ya tantance makin jami'o'in da ke wajen Amurka da Kanada, saboda haka mai digiri daga wata ƙasa, ko da daraja ta ɗaya ya fita, zai bayyana ba shi da GPA. Makarantu da yawa suna sharɗanta a yi aƙalla shekara guda, wasu har kiredit 90, a jami'ar Amurka ko Kanada. Ga irin wannan mutum postbac ne zai samar masa da lambar tun daga tushe, kuma tunda babu tsohon kaya a kansa, kowane kwas da ya ɗauka yana da nauyin da ya fi na kowa a lissafi. Kafin ya biya kuɗin kiredit ko ɗaya, ya buɗe MSAR ya fitar da makarantun da ke karɓar 'yan waje, ya rubuta wa ofishin kowacce ya tambayi kiredit nawa take so a yi a cikin ƙasar, da kuma ko tana karɓar sharuɗɗan da aka yi a waje.